Gwajin Sabon Kwalekwale

Masuntan bakin dam na Kazaure ba sa yarda da sabon kwalekwale saboda kyansa a tudu. Mun ga yadda suka gwada wani da aka sassaƙa da maɗaci. Da fari suka bar shi ya kwana cikin ruwa, domin itacen ya kumbura, tsagar ta haɗe. Da safe aka ɗora masa buhunan yashi maimakon mutane. Wani dattijo ya shiga, ya miƙe tsaye, ya jijjiga shi, ya tura da gora. Sai ga shi yana karkata hagu.

"Malam, a fito da shi, a sake sassaƙa," in ji dattijon.

Muka yi murna ƙwarai, gama da shi 'yan makarantarmu biyu za su riƙa ƙetarewa da damina.