Kasuwar Kirsimeti a Birnin Barlin

Wanda hunturu bai taɓa riskarsa a Turai ba, in aka ce masa rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, sai ya zaci tatsuniya ake yi masa. To, ni na gani da idona a Barlin, babban birnin ƙasar Jamus, cikin watan Disamba na 2018. Rana ba ta ɓullowa sai bayan ƙarfe takwas na safe, in ma ta ɓullo gajimare ya tare ta. Azahar da La'asar da Magariba duk cikin sa'a huɗu suke, har mutum ya sallace su da alwala guda. Sanyin kuwa ba irin namu ba ne mai fasa leɓe, irin wanda ke ratsa riga uku ya taɓa ƙashi ne.

Ana nan ran nan, bayan na yi Magariba, sai mai masaukina, wani dattijo Bajamushe, ya ce in shirya mu tafi kasuwa. Na ce, "Wace irin kasuwa ce ke ci cikin wannan duhu da sanyi?" Ya yi murmushi, ya ce, "Ai Malam, saboda duhun da sanyin aka kafa ta."

Ga yadda al'amarin yake. Kamar mako huɗu kafin Kirsimeti, watau bikin da Kiristoci ke yi na tunawa da haihuwar Annabi Isa, sai a kafa rumfunan katako a manyan filayen gari, a ƙawata su da fitilu, a yi ta ciniki har bikin ya zo. Al'ada ce tsohuwa ƙwarai a ƙasashen masu jin Jamusanci. Ta birnin Diresdan tun 1434 ake cinta, asalinta kuwa kasuwar nama ce ta yini guda, don mutane su sami abin yin girkin biki. Kun ga ke nan ba ta da nisa da kasuwar jajiberen Salla. A Barlin irin waɗannan kasuwanni suna da yawa, kusan kowace unguwa da tata.

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka a tashar da ke kusa da gidan namun daji. Da muka yi 'yar tafiya kaɗan sai na hangi wata hasumiya mai karyayyen kai, ta yi baƙi ƙirin. Wannan ita ce ragowar majami'ar da aka gina don tunawa da Sarki Wilhelm na Ɗaya, aka buɗe ta a 1895. Jiragen sama suka yi mata ruwan bama-bamai a watan Nuwamba na 1943, cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi an so a rushe abin da ya saura, mutanen gari suka ƙi, sai aka bar ta yadda take, aka gina sabuwa a gefenta. Su kansu suna yi mata laƙabi da haƙori mai kogo. A gindin wannan haƙori kasuwar take.

Kai, jama'a, na ga haske! Fitilu ƙanana kamar taurari an zuba su bisa rumfuna da itatuwa, ƙanshin kirfa da sukari mai ƙuna ya cika wurin. Ga masu suyar wata gyaɗa tasu cikin sukari, ga masu gurasar zuma da kayan yaji, ga masu safar hannu da hulunan ulu da kyandir. Masu gasa tsiren alade ma suna nan, na dai kau da kai na wuce. Inda na fi daɗewa shi ne rumfar masu sassaƙa. Akwai wani abu da suke yi da katako, hawa-hawa kamar hasumiya, da fukafukai a bisa kansa. In aka kunna kyandir a gindinsa, zafin wutar ya tashi ya bugi fukafukan, sai abin duka ya riƙa juyawa da kansa, ba lantarki, ba wani inji. Mai masaukina ya ce sana'ar mutanen duwatsun da ke kan iyakar Jamus da ƙasar Cek ce. Da can masu haƙar azurfa da kuza ne, da ma'adinai suka ja baya sai suka koma sassaƙa don su ci abinci.

Abin shan kasuwar giya ce da ake dafawa da kayan ƙanshi, a sha da zafi. Amma akwai wanda ake yi wa yara da ruwan 'ya'yan itatuwa, ba barasa a cikinsa, shi na saya. Da matar rumfar ta ba ni canji na ƙirga, na ga ya kasa da yuro uku. Na ce a raina, ashe cutar baƙo har Turai ta zo. Ina shirin yin magana sai dattijon ya riƙe ni yana dariya, ya ce kuɗin jinginar kofi ne. In na mayar da kofin a mayar mini da kuɗina, in kuwa ina sonsa in tafi da shi. Na ji kunyar zaton da na yi wa baiwar Allah.

Muka koma gefe kusa da matakalan majami'ar, ina shan abina, ina ɗumama hannu da kofin. Can na dubi ƙasa, sai na ga ina tsaye bisa wata tsaga mai launin zinariya, ta taso daga cikin filin, ta hau matakalan a karkace kamar tsagewar bango. Na tambaya ko ado ne. Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ba ni labari.

Ran 19 ga Disamba, 2016, wajen ƙarfe takwas na dare, wani mutumin Tunisiya ya kutso cikin wannan kasuwa da babbar mota shaƙe da ƙarafa. Da ma ya riga ya harbe direbanta, mutumin Folan, ya ƙwace ta. Mutum 12 suka rasu har da direban, da dama suka yi rauni, ɗaya daga cikinsu ya cika a 2021. Ƙungiyar nan ta IS ta ce da sunanta aka yi. Bayan kwana huɗu 'yan sandan Italiya suka harbe shi kusa da birnin Milan. Kasuwar kuwa kwana uku da abin aka sake buɗe ta. Da shekara ta kewayo aka zuba tsagar nan, aka rubuta sunayen mamatan a jikin matakalan, kowa da ƙasarsa. Na sunkuya na karanta: Jamus, Folan, Italiya, Isra'ila, Cek, Yukiren. Sai a sa'an nan na gane ma'anar manyan shingayen da muka ratsa a bakin kasuwar, waɗanda na ɗauka na gyaran hanya ne.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ya kama ni. Ga ni baƙar fata, da gemu, da hular ƙube a kai, a tsaye bisa wurin da wani mai iƙirarin addinina ya zubar da jinin bayin Allah. Na ga kamar idon kowa a kaina yake, alhali kuwa kowa cinikinsa yake yi. Zuciyata ta ce in yi musu bayani, in ce mu ma an yi mana, an tashi bama-bamai a Kasuwar Litinin ta Maiduguri a 2014, waɗanda suka mutu kuwa masu talla ne da masu cefane. To, wa ya tambaye ni? Ban ankara ba sai na ji hannuna ya kai ga hulata, zan cire ta in cusa aljihu.

Dattijon nan ya lura. Bai yi mini wani dogon jawabi ba, cewa ya yi, "Bar hularka, Malam, akwai sanyi." Na sauke hannuna. Muka tsaya, shi ya sunkuyar da kai yadda suke yi, ni kuma na yi abin da na iya a zuci. Wata yarinya ta zo da uwarta ta ajiye kyandir bisa matakala, iska ta kashe shi, uwar ta sake kunnawa, suka koma wajen masu gyaɗa.

Da za mu tafi muka bi ta gaban rumfar matar nan. Ta miƙo hannu za ta karɓi kofi, na girgiza kai, na nuna mata aljihuna. Ta yi dariya, ta faɗi wata magana da Jamusanci, dattijon ya ce barka da biki take yi mini. Kofin yana nan gidana, ja ne, da hoton karyayyiyar hasumiyar a jikinsa. Da shi nake shan shayi in hunturu ya shigo.