Adaftabil

A kasuwar kayan gyara kalma biyu ke raba mai hali da talaka: orijin da adaftabil. Duka daga Faransanci muka aro su. Orijin shi ne kayan da kamfanin da ya ƙera injin ya yi da kansa. Adaftabil kuwa wani ne ya kwaikwaya, galibi a Sin, ya saida da araha. Mutane kan ce masa jabu, amma ma'anar kalmar a asalinta "abin da ake iya daidaitawa". Sai da na taya kawuna tada injinsa na yankan icce na ga cewa kalmar ba ta yi ƙarya ba.

Injin Stihl ne, MS 381, aikin kamfanin Jamus. Da shi kawu ke ci da gida: in iskar damana ta kada bedi bisa katanga ko hanya, shi ake kira. Wani ya are shi, ya zuba masa isansi zalla. Irin wannan inji ba ya da wurin zuba baƙin mai daban, cikin isansi ake gauraya man da ke sa fisto ya zame, mililita 20 a lita guda. Da babu shi, fisto ya yi zafi, ya karce silinda, inji ya ƙame. Kuɗin orijin ya fi ƙarfin kawu, ga shi kowace rana inji na kwance hatsi na raguwa. Muka sayo adaftabil: silinda mai faɗin milimita 52, fisto, zobba da ƴan ƙananan wayoyi biyu masu riƙe sandar fisto.

Makanisan unguwarmu bai ɗora su yadda suka zo ba. Ya sa yatsa cikin silinda ya ce mini: "Ɗana, taɓa nan." Bakin ramin da hayaƙi ke fita kaifi gare shi, in an bar shi zai kama zobe ya karya. Ya goge shi da ƙaramin magagari, ya wanke ɓurɓushin ƙarfen da isansi. Ya juya fisto har kibiyar da ke kansa ta dubi wajen fitar hayaƙi. Ƴan wayoyin nan kuwa ya ture su gefe, ya ce a nemo na orijin. Kawu ya yi gunaguni: "Malam, wannan ɗan abu ma?" Ya ce masa in ɗaya ta kuɓuce inji na gudu, ita kaɗai ta isa ta cinye silinda da fisto duka.

Haka ya yi da birkin sarƙa. In hancin zarton ya bugi abu, inji kan yi tsalle ya nufo fuskar mai riƙe da shi, birkin nan ne ke tsaida sarƙa nan take. Ya rantse ba zai sa na araha a wurin ba, ko da kawu zai ɗauki injinsa ya kai wani gareji. Kawu ya ranci cikon kuɗin wajen wani abokinsa.

Ana cewa araha ba ta ado, mu kuma ɗalibai mun iya maimaita wannan muna raina kayan talaka. Amma wanda ba ya da kuɗin orijin bai zaɓi jabu don wauta ba. Abin da yake buƙata mutum ne da ya san inda za a rage kuɗi da inda ba a ragewa. Silinda ta lalace, asarar jikkuna ce. Birki ya ƙi kamawa, hannu ne ko ido. Abin da aljihu ya kasa biya, sani da haƙurin makanise suka cika.

Injin ya tashi, yana aiki har yau. Kawu dai ya daina ba da aro, kuma da hannunsa yake auna mai.