Hirar Dare a Mafoni: Abin da Muka Ɓoye a Ƙarƙashin Katifa

Mu huɗu ne, tun muna 'yan mata masu tafiya Islamiyya a jere muke tare. Duk daren Juma'a bayan sallar isha muna haɗuwa a ɗakin Hajja, a nan Mafoni. Ita ce babbarmu, sana'arta haɗa turaren wuta da humra, shi ya sa ɗakinta ko ba a zuba komai a kasko ba ƙamshi yake yi. Akwai Malama mai koyarwa a makarantar 'yan mata, akwai Auta da aure ya kai ta Gwange, sai ni. Da waɗannan sunaye muke kiran juna, da su kuma zan kira su a nan, domin sun yarda in rubuta hirar, amma ba su yarda in tona su ba.

A wannan daren Auta ta shigo babu walwala. Ta sassauta lafayarta, ta zauna, ta bar shayinta yana hucewa.

"Hajja, na kama ta," in ji ta.

"Wa kika kama?"

"'Yata mana. Ƙarfe ɗayan dare na hangi haske a cikin bargo. Ina yayewa sai ga ta riƙe da wayata, hawaye shaɓe-shaɓe. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, wani ne yake hure mata kunne. Da na karɓa na duba, ashe labari take karantawa, na wata 'yar sakandare da ɗan maƙwabtansu."

"Shekararta nawa yanzu?"

"Sha biyar."

Hajja ta gyara garwashi da cokali, ta ɗago ta dube ta. "Ke shekararki nawa ranar da kika mayar min da In Da So Da Ƙauna takardunsa duk sun kumbura da hawayenki?"

Dariya ta ƙwace mana gaba ɗaya, har da Autar. Daga nan hira ta ɓalle, ba mu tashi ba sai da dare ya raba.

Wanda bai yi ƙuruciya a wancan lokacin ba, da wuya ya gane yadda littafin nan na Ado Ahmad Gidan Dabino ya shiga gidaje. A 1991 ya fito a Kano, mu kuwa sai wajen ƙarshen shekarun casa'in ya iso hannunmu, ya sha hannu har bangonsa ya fita. A labarin, Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad talaka, a gida an dage sai ta auri mai kuɗi, har ta kai ta faɗa rijiya. Irin waɗannan littattafan sirara ne, ana raba labari ɗaya kashi biyu ko uku, kuma a daidai inda rai ya fi tsayawa ake yanke na ɗaya. Daga Kano ake loda su a mota, su ratso Potiskum da Damaturu su sauka a Kasuwar Litinin. Ba mu da kuɗin saye, haya muke yi. Mu haɗa canjin cefane mu karɓo ɗaya, kowacce ta kwana da shi dare guda, a naɗe cikin bangon littafin lissafi. Mafoni tsohuwar unguwa ce, tana nan tun kafin a kafa garinmu Yerwa a 1907, kuma irin unguwar da kowace tsohuwa ta san 'yar gidan wane ce ta wuce. Don haka ɓoyon ma sana'a ce mai zaman kanta.

Malama ta ce, "Ni wani abu nake tunawa da kullum ake mantawa. Da Kanuri na tashi, Hausa ta titi ce da kasuwa. Ina jin ta, ina yin ta, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna min yadda ake rubuta ta. A cikin Allura Cikin Ruwa na Anti Bilki Funtuwa na fara lura cewa harafi mai lanƙwasa daban yake, cewa ƙafa ba kafa ba ce. Ina bin labarin da yatsa saboda ina son in san ƙarshensa, ban ankara ba na iya karatu da sauri. Yau ina ganin haka a ajina. Yarinyar da ke karanta labari a ɓoye, ita ce za ka ba ta shafi ta wuce ba ta yi tuntuɓe ba."

Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Na sha ganin mata a garin nan da aka cire daga makaranta tun suna aji huɗu na firamare, amma karatunsu bai mutu ba, domin littafin soyayya ya riƙe musu shi a ɗakin aure.

Hajja ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna kusa da mu. Muka san magana ce mai nauyi.

"Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. Kun tuna shekarar da aka ce za a yi min aure, sai maganar ta bi ruwa? Kun ɗauka shi ne ya fasa. Ba shi ba ne." Ta yi shiru kaɗan. "Abokin Baba ne, yana da mata biyu, ina 'yar sha shida. A gidanmu yarinya ba ta cewa a'a, ban ma san da wane baki ake faɗinta ba. A makon ne Wa Zai Auri Jahila? ya zo hannuna. Na karanta yadda aka cire Abu daga makaranta aka ba wa Sarkin Noma, tsoho, da yadda ta ƙi, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Sau uku na karanta shi. Ban gudu ba, ban yi wa kowa rashin kunya ba. Na tafi wurin gwaggona na durƙusa, na ce, Gwaggo, ba na ƙin maganar Baba, amma ina roƙon a bar ni in gama makaranta, kuma zuciyata ba ta kwanta da mutumin nan ba. Wallahi jikina rawa yake yi. Gwaggo ta daɗe tana kallona, sannan ta yafa mayafi ta tafi wurin ƙanenta."

Babu wadda ta ce uffan. Auta ta kamo hannunta ta riƙe.

Daga baya na san cewa Balaraba Ramat Yakubu, wadda ta fitar da littafin a 1990, ita kanta tana 'yar sha uku aka aurar da ita, sai daga baya ta nemi ilimi a ajin manya. Ke nan abin da ya ci mata rai ta rubuta, ya yi tafiyar kusan kilomita ɗari shida, ya sami wata yarinya a Mafoni ya ara mata baki. Duk sanda na ji ana cewa littattafan nan shirme ne kawai, Hajja nake tunawa durƙushe gaban gwaggonta.

An zage su kuwa ba kaɗan ba. Masana sun laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi yana suka, Abdalla Uba Adamu yana karewa. A 2007 har ƙona su aka yi a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano. Malama ta ce ranar da ta ji labarin sai da ta yi ƙwalla, don ta san akwai marasa kyau a ciki, amma wuta ba ta tantancewa.

Ni kuma abin da na kawo a hirar na shekarun wahala ne. A watan Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci, aka yanke layukan waya wata da watanni, ga dokar hana fita, babur ma an hana tun 2011. Yamma na yi kowa ya kulle ƙofa. Da Bama ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya a 2014 gidanmu ya cika da dangi, tabarma har bakin zaure. A cikinsu akwai wata 'yar ƙanwar mahaifiyata, 'yar sha huɗu, wadda tun da ta iso ba ta magana, abinci ma sai an matsa mata. Da dare nakan ɗauko tsofaffin littattafaina in karanta wa yara a hasken tocila, don kunnuwansu su bar sauraron abin da ke waje. Ita tana can gefe fuskarta a bango. Daren da na kai ƙarshen kashi na ɗaya na wani labari na rufe, sai na ji murya daga lungu: "Yaya, ina na biyun?" Maganarta ta farko ke nan a gidanmu. Tana son ta san ko za a bar masoyan su yi aure. Yarinyar da ta ga abin da ta gani, ga shi zuciyarta ta koma tana jiran gobe saboda wasu yara biyu na cikin takarda.

Auta ta share ido, ta ce, "Duk na ji. Amma Yaya, na da daban, na yanzu daban. Namu sai an buga, an kai kasuwa, marubuciya ta sa sunanta, tana jin kunyar idon mutane. Yanzu a WhatsApp da Wattpad kowa rubutawa yake, wasu sai ka biya a sa ka a rukuni, kuma abin da ke ciki ko matar aure ta karanta sai ta rufe fuska."

Gaskiya ta faɗa, babu wadda ta musa. Akwai batsa tsagwaronta da ake sayarwa da sunan soyayya. Akwai kuma wani salo da ya fi damuna, inda saurayi attajiri ke wulaƙanta yarinya, ya daka mata tsawa, ya mare ta, a ƙarshe a ce ai so ne. Yarinyar da ta sha irin wannan tun tana sha uku, za ta iya ɗaukar duka a matsayin ƙauna. Amma a wayar nan dai ake samun masu rubutu da hankali, kuma tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016, 'yan mata da yawa sun ga cewa alƙalami abin tinƙaho ne.

"To me zan yi?" in ji Auta. "In ƙwace?"

"An ƙwace naki sau nawa?" in ji Hajja. "Kin daina? Sai dai kika ƙware a ɓoyo. In kin ƙwace, za ta karanta a wayar ƙawa, kuma ba za ta sake gaya miki komai ba. Ki tambaye ta labarin. Ki ce, yaron nan kina ganin mutumin kirki ne? Me ya sa? A nan za ki ji abin da ke ranta, wanda in kin tambaye ta kai tsaye ba za ta faɗa ba har abada."

Auta ta ce da ma tana da akwati guda na littattafan da ta tara tun ƙuruciya, niyyarta ta ba yarinyar idan ta girma. Ambaliyar Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Gwange, ta mayar da su dunƙulen taɓo. Ta ce ta yi kukan katifa da firji, amma kukan akwatin nan a ɓoye ta yi shi, don kada a ce ba ta san abin da ya dace a yi wa kuka ba.

Hajja ta miƙe ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado. A ƙasan ƙullin sandal da farce ta zaro littafi marar bango, ya yi ja, ƙamshin turare ya kama shi. Wa Zai Auri Jahila? ne, kashi na ɗaya. Ta ɗora wa Auta a cinya.

"Ki kai mata. Ki ce inji Hajja, in ta gama ta zo da kanta ta ba ni labari."

Auta ta jujjuya shi, ta sa a jaka. Sai ta yi ƙasa da murya. "Akwai saura. Bayan na karɓe wayar na kore ta ta kwanta, na zauna zan duba ko akwai abin banza a ciki. Babu. Ban ajiye ba sai da aka kira assalatu. Yanzu an kai inda za a mayar da yarinyar gidan kakarta a wani gari, yaron kuma bai sani ba, marubuciyar ta ce sai ranar Asabar."

Malama ta matso da matashi, Hajja ta ƙara turare a kasko ta ɗora sabon shayi.

"Ɗauko wayar," in ji Hajja. "Faro mana daga farko."