Ranar da kwale-kwale ya bi titi daga Ƙofar Kibo

Jama'a, ku da kuka saba ganin jarumi da jaruma cikin kwale-kwale suna waƙa ruwa na sheƙi, kun taɓa tambayar kanku yadda jirgin ya iso bakin ruwan? Ni dai ban taɓa ba, sai wata Asabar cikin watan Yulin 2023, da na yi kiciɓis da kwale-kwale a kan tudu, a Ƙofar Kibo ta birnin Zariya, inda babban ruwan unguwa bai wuce kududdufi ba.

Ziyara ce ta kai ni wajen kawuna. Ƙofar Kibo ɗaya ce daga tsofaffin ƙofofin ganuwar Zazzau, 'yar'uwar Ƙofar Doka da Kuyambana da Gayan da Kona da Bai da Jatau da Galadima. Amma fa in ka ce "Ƙofar" a can, nan take za a gane baƙo ne kai, don su "Ƙofan Kibo" suke cewa. Ni kuwa Bakano, ka san tsakaninmu da Zagezagi sai tsokana.

Ina shan kwana sai na hango jirgin katako kife a ƙofar gidan Kawu, tsawonsa ya kai taku takwas. Ashe gonarsa ta shinkafa tana ƙetaren kogin Galma ne, can wajen Dakace, kuma da damina ta yi nisa ruwa kan raba shi da ita. Shi ne ya sayar da bijiminsa ya sayo jirgin daga Yawuri, babbar mota ta sauke masa a gida ta ƙara gaba. Saura kai shi ruwa. In ya tsage a hanya, bijimi ya tafi, shinkafa ta bi shi.

Motar da aka samo 'yar ƙaramar a-kori-kura ce, Hijet ɗin nan da ke jigilar kaya a kasuwanni. Injinta cc 660 ne kacal, kuma a Japan inda ake ƙera ta, kilo 350 aka yarje mata ta ɗauka. Bayanta bai fi mita 2 ba, saboda haka maganar ɗora jirgi a kai ba ta ma taso ba. Ja za a yi. Wani mai walda ya haɗa doguwar amalanke da tsohon ƙarfen tayoyin mota, aka shimfiɗa tsofaffin tayoyi a kai don kada katako ya gogi ƙarfe. Majiya ƙarfi 10 suka ɗora jirgin, aka tamke shi da igiya a wuri uku. Direban, wani saurayi marar yawan magana, ya ƙara sarƙa tsakanin mota da amalanke ko da ƙugiya za ta zame, sannan ya ɗaura jan ƙyalle a ƙarshen jirgin.

Nan fa rigima ta tashi. Kawu ya sa yara suka fito da buhun taki 10, wai a zuba cikin jirgin a huta da sawu biyu. Ba ka ga laifinsa ba, lokacin ko wata biyu ba a cika da cire tallafin man fetur ba, kowa lissafin lita yake yi.

Direba ya girgiza kai. "Baba, ka yi haƙuri, motan nan ba za ta iya ba."

"Kai yaro, ba da idona na ga irinta ta ɗauko siminti har tana durƙusawa ba?"

"Za ta ja, Baba. Tsayawa ne ba za ta yi ba. Buhu 10 kilo 500 ke nan, ga nauyin jirgi, amalanken kuma ba ta da burki. In na taka, kayan ne za su tura mu."

Kawu ya yi faɗa, ya ce yaran zamani ba su da zuciya, har ya yi barazanar kiran wata motar. Direba dai ya tsaya a kan bakansa cikin ladabi. Da ƙyar aka mayar da takin zaure.

Muka ɗau hanya, ni da direba a gaba, Kawu na biye a babur. Kai jama'a, ka ga kallo! Yara suka biyo mu a guje suna ihu, "Fim za a yi! Ina jarumin?" Wata tsohuwa mai ƙosai ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah, yau jirgin ruwa ne da taya?"

Ba mu kai Ƙofar Doka ba sai na ji motar na rawa, bayan jirgin na kaɗawa dama da hagu kamar jelar kifi. Cikina ya ɗuri ruwa. Direba bai taka burki ba, sai ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali har rawar ta lafa, sannan ya gangara gefe. Ya ce jirgin ya yi baya da yawa, nauyinsa ya rinjayi tayoyin amalanke yana ɗaga ƙugun motar. Ƙa'idar ita ce mafi yawan nauyi ya kasance gaban tayoyin, kusan kashi ɗaya cikin goma kuma ya danne ƙugiya. Samari suka taimaka aka turo shi gaba kamu uku, aka sake ɗaure igiya. Rawar ba ta sake dawowa ba.

A cunkoson Tudun Wada ne muka ga abin da direba ke gudu. Wani mai Keke Napep ɗauke da mata da yara ya faɗo gabanmu ba sigina ba komai. Direba ya taka burki. Wallahi ina jin yadda jirgin ya ingizo mu ta baya, tayoyi suka yi ƙara, muka ja muka tsaya, tsakaninmu da keken bai fi tafin hannu ba. Wata yarinya a ciki ta zuba mana ido, rake a bakinta. Wannan kuwa tafiyar da ba ta wuce ta mai keken hawa ba muke yi. Kawu ya iso ya leƙa tazarar, ya dubi jirgin, ya dubi direba. Bai ce uffan ba, amma na san buhu 10 yake lissafawa.

Daga nan muka bi ta Kongo muka kama tsohuwar hanyar Jos. Kowace kwana sai direba ya buɗe ta sosai, don amalanke kan yanke kwana fiye da mota. Sau biyu yana tsayawa ya taɓa cibiyar tayoyin ya ji ko ta yi zafi, ya ja igiyoyi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa.

Galma ya cika ya yi jajawur da laka. Shi ne kogin da Kubanni ke zuba a cikinsa bayan ya ratsa Zariya, shi kuma ya gangara ya haɗu da kogin Kaduna. Direba ya ƙi yarda ya yi ribas zuwa bakin ruwa, ya ce taɓo zai kama tayoyi jirgin ya ja motar ciki. Aka kwance a kan tudu, masunta suka ɗauka a kafaɗa. Wani dattijo ya bi katakon da yatsa layi-layi, ya cusa auduga da kwalta inda rana ta buɗe, aka bar jirgin ya sha ruwa katakon ya kumbura.

Da za a yi ƙetaren farko, sai mutane suka yi caa, ma'aikatan gona da masu kallo, kowa na son shiga. Nan na tuna Bagwai ta Jihar Kano, inda ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin. Kafin in buɗe baki sai na ji muryar Kawu:

"Mutum 6 kawai! Sauran ku jira sawu na biyu. Ɗauka ba wuya, kaiwa gaci ita ce magana."

Na waiwaya na ga direba na murmushi yana naɗe sarƙarsa. Kawu ya ƙirga kuɗinsa ya ba shi, ya ƙara masa na mai, ya ce, "Ɗana, gobe da safe ka zo ka kwashi takin nan. Sawu biyu za ka yi."

To masu karatu, duk ranar da kuka je Zariya kuka bi ta Ƙofan Kibo, ku gaishe min da Zagezagi. Ku ce Bakanon nan ya yarda, a wannan karon dai sun fi mu lissafi.