Yatsu Huɗu a Kafaɗar Baba

Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan fitowa domin in ba da labarin abin da ya same ni a shekarar 2023, lokacin da nake shirya bangon littafina. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta shi saboda akwai abin kunya a ciki, to amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wataƙila wani ya kauce wa ramin da na kusa faɗawa.

Littafin tarihin mahaifina ne. Baba Badakkare ne, haifaffen ƙasar Zuru, kuma kamar yadda kowa ya sani mutanenmu sun yi suna wajen noma da aikin soja. Ya shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai su Bama cikin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda ta gwabza da Japanawa a yankin Arakan a 1944 da 1945. Duk wanda ya san barikin Kalapanzin da ke Kaduna, to sunan wani kwari ne na can ƙasar, kuma Baba ya taka shi da ƙafarsa. Ya dawo gida a 1946, Allah ya yi masa rasuwa a 1994. Shekara shida na yi ina tattara labarinsa daga bakin tsofaffi, har na gama, aka buga mini a kwamfuta, ya rage saura bango.

Hoton Baba guda ɗaya tak muke da shi na ƙuruciyarsa, baƙi da fari, wanda aka ɗauka a Kaduna a 1958. Yana zaune a kujera, lambar yaƙin Bama a ƙirjinsa, a bayansa kuma uwargidansa, wadda muke kira Iya, tana tsaye ta ɗora hannunta na dama a kafaɗarsa. Iya ita ce wadda Baba ya yi wa golmo, wato noman da saurayi yake yi wa surukansa a al'adarmu, shekara bakwai yana duƙe a gonar ubanta kafin a ba shi ita. Mahaifiyata, Inna, sai a 1964 ta shigo gidan. Iya ta rasu a 2001, kuma tun daga lokacin muke takun-saƙa da babban ɗanta, yayana, a kan wata gona da Baba ya bari. Gaisuwar da ke tsakaninmu ta koma ta ranar biki da ranar mutuwa.

Abin da na tsara a raina shi ne bangon ya zama haɗin hotuna: duwatsun ƙasarmu a can baya, masu rawar bikin Uhola daga gefe, taswirar Bama a dushe-dushe, sannan Baba a tsakiya, Inna a bayansa. Inna fa na ce, ba Iya ba. Na gaya wa kaina cewa ai littafina ne, kuma uwata ce ke raye.

Waɗanda muka yi harkar rubutu tun shekarun 1990 za su tuna yadda ake irin wannan aiki a da. Littattafan Kano da muke saye a lokacin yawancinsu zanen hannu ne a bangonsu, mu kuma masu fitar da 'yar mujallar ƙungiya kayan aikinmu almakashi ne da reza da gam. Ka yanko kan wannan, ka liƙa a jikin takarda, ka kai a yi hoto-kwafi, in bakin yankan ya fito baƙi ka shafe shi da farin ruwan gyara. Abin da ka yanke ya tafi ke nan. Na taɓa ɓata hoton shugabanmu na reshe da reza, na kwana uku ina ba da haƙuri.

Yanzu kuwa sai kwamfuta. Wanda ya iya aikin a danginmu, kuma wanda ba zai caje ni kuɗi ba, shi ne ɗan yayan nan nawa, ɗalibi a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke nan Zuru, wanda yake taɓa aikin katin biki da kalanda a wani shago idan an yi hutu. Mai karatu ya lura, jikan Iya ne. Ni dai a lokacin ban tsaya na auna wannan ba. Na ce masa ba aikin kawai nake so ba, so nake ya koya mini, domin in riƙa yi da hannuna.

Ya zaunar da ni gaban Photoshop, manhajar da wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙiro, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. Ya ce, "Baffa, abu ɗaya za ka fara ganewa, saura duk mai sauƙi ne. Mu muna ce masa leya." Ni na fi son in kira shi shimfiɗa, domin haka abin yake: ka shimfiɗa tabarma, ka ɗora darduma a kai, ka ɗora buzu a kan dardumar. Na sama yana rufe na ƙasa, amma in ka janye buzun dardumarka tana nan ba abin da ya same ta. Daga baya na karanta cewa sai a fitowa ta 3 ta manhajar, a 1994, aka sa mata wannan dabara, wato shekarar da muka binne Baba.

Ga masu sha'awar koyo, ga abin da na riƙe. Kowane hoto a ba shi shimfiɗarsa shi kaɗai, kuma a raɗa mata suna, in ba haka ba idan sun kai ashirin sai mutum ya rikice. Jerinsu yana gefen dama na allon, kuma ana iya jan ta ƙasa a kai ta sama. Kusa da kowace akwai alamar ido, in ka danna sai shimfiɗar ta ɓuya, ka sake dannawa ta dawo. Ana iya rage ƙarfin kowace daga 100 har zuwa sifili, da haka muka mayar da taswirar Bama kashi 30, ta zama kamar hayaƙi a bayan kan Baba. Hoton da za a kai maɗaba'a a ɗauke shi a sikana da ɗigo 300 a kowane inci, ko fiye idan ƙarami ne za a faɗaɗa. Sannan babban abu, a ajiye aikin a fayil irin na PSD, wanda yake riƙe shimfiɗu a rarrabe. Ranar da ka mayar da shi JPEG, duk sun manne sun zama ɗaya, kamar an zuba gari a ruwa, don haka kwafi ake mayarwa, a bar na asali.

Mako biyu muna wannan aiki da yamma, in an kawo wuta mu yi da wuta, in an ɗauke mu jira janareton maƙwabci. Duwatsu suka zauna, masu rawa suka zauna. Sai aka zo kan hoton 1958. Na ce masa, "Cire matar nan, ka sa wannan," na miƙa masa hoton Inna da aka ɗauka a wani suna a 1987. Yaron nan ya dube ni, ya dubi allon, bai ce uffan ba. Ya ce in je in yi sallar magariba, kafin in dawo ya gama.

Da na dawo na tarar Iya ta ɓace. Inna ce a tsaye a bayan Baba. Ya mayar da hotonta baƙi da fari, ya juya ta domin hasken ya zo mata ta hagu kamar yadda ya zo wa Baba, har ɗan dishi-dishin tsohon hoto ya zuba mata. Aiki ya yi kyau ƙwarai. Abu ɗaya ya rage, yatsu huɗu a kafaɗar Baba. Ya ce in aka cire su sai an ƙera sabuwar kafaɗa da aljihun riga, kuma igiyar lambar ta bi ta kusa da wurin, zai ɓata. Na ce a bar su, ai za a ɗauka na Inna ne.

Na sa aka buga mini gwaji a takarda, na kai wa Inna da murnata, ina jiran a sa mini albarka. Ta sa tabarau, ta kai takardar bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Wannan hannun ba nawa ba ne." Na fara kame-kame. Ta ce, "Zoben azurfan nan na Yaya ne, da shi aka binne ta. Ina ka kai ta?" Na ce ai zamani ne, kwamfuta ce take haɗa hoto. Ta ce, "Ni ban taɓa zuwa Kaduna da ubanku ba. A shekarar da aka ɗauki wannan ko tallan gyaɗa ban gama ba. Ka rasa abin da za ka yi mini sai ka tsayar da ni a wurin da ban tsaya ba?"

Daga nan ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba a cikin shekara shidan da na yi ina yawon tambayar tsofaffin waje. Ashe bayan haihuwata ta yi ciwon da ya kwantar da ita wata biyar, nono ya ƙafe, Iya ce ta ɗauke ni ta haɗa da 'yarta da take goyo ta shayar da mu tare. Gidanmu irin gidajen Zuru ne da yawa, wasu suna zuwa masallaci wasu suna zuwa coci, tukunya ɗaya. Iya 'yar coci ce, amma in ji Inna, ita take tashinta sahur duk azumi, har ta tsufa. Ta miƙo mini takardar ta ce, "Rigimarku ta gona ku ta shafa. Kada ka sa ni a ciki, kada ka sa ta."

A daren nan ban yi barcin kirki ba. Na tuna labarin da na taɓa karantawa na Tarayyar Sobiyet, inda aka goge Nikolai Yezhov daga hoton da ya ɗauka da Stalin a bakin ruwa bayan an kashe shi a 1940, aka cike gurbinsa da ruwa kamar bai taɓa tsayawa a wurin ba. Sau nawa na kawo wannan misali a taron marubuta ina zagin masu murɗe tarihi! Kakanninmu kuwa har tukwane masu siffa mata suke ginawa a ɗora a kan kabarin mutum domin kada a manta ko wane ne. Ga ni jikansu, mai kiran kansa marubuci, na sa yaro ya share kakarsa da hannunsa.

Da sassafe na tafi wajensa, gabana yana faɗuwa, domin ainihin hoton ya riga ya fara cin ruwa ta gefen fuskar Iya tun bayan da muka ɗauke shi a sikana, ga shi kuma na san halin reza. Na ce, "Akwai yadda za a yi a dawo da ita?" Ya buɗe fayil ɗin, ya nuna mini wata shimfiɗa a cikin jerin. Sunan da ya raɗa mata shi ne Kaka. Ya ce, "Baffa, ban goge ta ba, lulluɓe ta na yi." Ashe akwai magogi a manhajar, wanda yake cinye hoto, akwai kuma abin da zan kira mayafi, wanda ake liƙa wa shimfiɗa: inda ka shafa baƙi ya ɓuya, inda ka shafa fari ya bayyana, hoton kansa ba a taɓa shi ba. Ya miƙo mini linzamin ya ce in shafa da kaina. Na zaɓi fari, na fara daga yatsun nan huɗu na bi hannun zuwa sama, ga zane, ga wuya, ga fuska. Ban iya duban yaron ba sai da na gama.

Inna ma ba mu fitar da ita ba. Mun mayar mata da launinta na 1987, muka sa ta a gefe cikin zagayen farin layi, yadda duk wanda ya gani zai san hoto biyu ne na zamani biyu. A nan na fahimci ƙa'idar da nake so masu tasowa su riƙe. Haɗin hotuna halal ne matuƙar mai kallo ya san haɗi ne. Ba wanda zai ga taswirar Bama a saman duwatsun Zuru ya zaci haka Allah ya halicce su. Amma da zarar ka ɓoye ɗinkin domin a yarda cewa wani abu ya faru alhali bai faru ba, to ka tashi daga ado ka shiga shaidar zur, ko da kuwa uwarka ka yi wa.

Abin bai tsaya a bango ba. Na koma na karanta rubutun nawa, shafi 140, na tarar sau biyu kacal na ambaci Iya, duka biyun a jerin sunaye. Golmon shekara bakwai na ba shi babi guda, na yi bayanin garma da waƙoƙin noma da juriyar samari, ban faɗi ko don wa aka yi shi ba. Ashe tun kafin in san Photoshop na riga na danna mata alamar ido. Saboda haka ina ba 'yan'uwa shawara, duk mai rubuta tarihin gidansu ya ajiye kowane kwafi na gyaransa, kada ya yar, sannan kafin ya kai maɗaba'a ya zauna ya lissafa mutanen da ya cire tsakanin kwafin farko da na ƙarshe, ya tambayi kansa dalili. Wani an cire shi don labari ya miƙe, wannan ba laifi. Wani kuwa haushi ne ya cire shi.

Na janye littafin daga maɗaba'a, kuɗin kafin alƙalamin da na bayar ya bi ruwa. Babin Iya ba mai iya ba ni shi sai mutum ɗaya, don haka ranar wata Asabar na hau babur na tafi Dabai wajen yayana, da sabon bangon a cikin ambulan. Ya karɓa ya duba, ya sa babban yatsa ya shafa wajen zoben, sannan ya ce wa matarsa ta kawo mini ruwa. Maganar gona har yau ba mu gama ta ba, tana hannun manya. Amma ranar mun zauna daga hantsi har la'asar, yana faɗa ina rubutawa, sai da na cika shafi goma sha ɗaya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa alƙalumanmu su zama masu faɗin gaskiya.