Duwatsun da Ke Haske a Cikin Duhu

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Rabah, Wurno da Goronyo zai ga tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, da jan marmara a bisansu. Yawancin matafiya ba su kula da su. Mu kuwa dominsu muka tafi, da guduma, da littafin rubutu, da 'yar fitila irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita.

Fitilar nan tana fid da wani haske wanda ido ba ya gani sosai. In ya fāɗa kan waɗansu duwatsu cikin duhu, sai su shanye shi, su mayar da shi da launin da ido ke gani. Wani Bature, George Stokes, ya bayyana wannan al'amari a 1852. A Amurka akwai garin Franklin, inda masu tara duwatsu ke zuwa neman masu hasken kore da ja.

A Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, muka fara duba gaɓar kogi, inda ruwa ya yanke ƙasa ta fito hawa-hawa. Daga nan muka wuce Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda aka binne shi a 1837. A cikin lakar tuddan wannan yanki ake samun jifsam, wani dutse mai ƙyalli kamar gilashi, wanda farce ke iya kartarsa. Ana sa shi cikin siminti. Da dare ya yi muka haska abin da muka tsinta. Waɗansu sun ba da haske kaɗan mai kama da madara, da yawa kuwa ko alama. Abin da ya fi su haske duka kunama ce! Don haka a riƙa duba ƙasa kafin a miƙa hannu, kada kuma a haska fitilar a ido.

To, ina laka irin ta ƙarƙashin ruwa ta fito a ƙasa mai fari haka? Masana sun ce shekaru wajen miliyan 70 da suka wuce teku ya rufe wannan wuri. Shaidarsu tana tuddan Taloka da Dukamaje, inda ake tono haƙoran kifi da ƙasusuwa. A 1930 aka fara bayyana ƙasusuwan wata babbar dabbar teku daga ƙasar Sakkwato. A 1972 masana 'yan Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus, don tunawa da Goronyo. Ga sunan garinmu a littattafan duniya, amma yaranmu nawa ne suka taɓa jinsa?

Abin da ya dame mu ke nan. Mai haƙa yakan farfasa ƙashi ya yar, domin ba shi ake saye ba. Mai tsinta kuma yakan kai dutse gida ba tare da rubuta inda ya same shi ba, alhali dutsen da ba a san asalinsa ba, ba ya koya wa kowa kome.

Ya mai karatu, in ka tsinci irin wannan, rubuta wurin da ranar, ka kai wa malamin kimiyya na makarantarku. Masu son zuwa kuwa, su fara tambayar mutanen gari lafiyar hanya, gama 'yan bindiga sun addabi gabashin Sakkwato a shekarun nan.