Injin Markaɗena da Man Bumburutu

Da injin markaɗe nake ciyar da marayuna huɗu a Sandamu. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 muka koma sayen man kwalba wurin 'yan bumburutu, wani lokaci har da ruwa a ciki. Sai injin ya riƙa tari, ya mutu ana tsaka da markaɗen waken ƙosai.

Bakanike ne ya fahimtar da ni cewa ruwa ya fi fetur nauyi, a gindin kafireta yake kwanciya. Yanzu da kaina nake kashe inji, in kwance ɗan notin ƙasa in tsiyaye ruwan, nesa da murhu. Mai kuma sai na tace da tsumma.

'Yan uwa masu inji, ku koya. Kuɗin gyara ya koma cefane.